Ban Ƙara Gishiri Ba

Samarin da ke zama a rumfar mai shayi ta bakin titin Sharada sun sa mini suna Sarkin Kwaɗi. In na zo wucewa da safe a kan kekena, sai wani ya ɗaga murya: "Ranka ya daɗe, ya talakawa? Sun karya kuwa?" Ni kuma in ce sun karya, suna gaishe ku. A ganinsu duk Kano babu mai cin banza kamata: mutum ya shiga ɗaki mai sanyi, ya watsa wa kwaɗi abinci, ya dawo gida da rigarsa fes. To ga shi malaminmu na ajin manya ya ce kowa ya rubuta sana'arsa da hannunsa. Zan rubuta tawa, in ba su su karanta, tunda sun fi ni sauri.

Sunana Tanko. Asalin aikina fata ne. Shekara goma sha bakwai na yi a wani kamfanin fatu a Challawa, a ɓangaren gishiri. Mota za ta sauke ɗanyen ƙirgi, mu shimfiɗa shi gefen nama yana sama, mu watsa gishiri tun daga tsakiya har bakin wuya da ƙafafu, mu ɗora wani a kai. Wanda ya koya mini shi ne Malam Isyaku, babban ɓangarenmu, mutumin da ko ido rufe in ya shafa fata zai gaya maka kwananta nawa. Da bazara ta shigo, fata na saurin ruɓewa, sai ya riƙa zagayawa yana cewa, "Tanko, ka saki hannu. Duk abin da ka ga zai lalace a zafin nan, ƙara masa gishiri." Maganar ta zauna mini a hannu, ba a kai kawai ba. Ku riƙe ta, za mu dawo kanta.

Da kamfani ya rage ma'aikata, ina cikin waɗanda abin ya shafa. Ina zaune wata ranar Asabar sai ga Yohanna, wani mutumin Filato da ya taɓa aikin gwajin ruwa a kamfaninmu. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Malam Tanko, ka iya kama kwaɗo?"

Na ce, "Yohanna, ni dai ba na ci."

Ya ce, "Ba ci za a yi ba. Aiki za su yi."

Haka ya kai ni wurin Dakta Rabi. 'Yar Dorayi ce, ta yi karatun ƙwaƙwalwa da jijiyoyi a waje, ta dawo ta buɗe ɗakin bincike a cikin wata tsohuwar masaƙa a Sharada. Mutane na mamakin me ya kai ta cikin kamfanoni. Dalilin daɓe ne. Daɓen da aka zuba don manyan injinan saƙa ba ya girgiza ko tirela ta wuce, aikinta kuwa ba ya son girgiza ko ta tafiyar kyanwa.

Ranar farko ta zaunar da ni ta yi mini bayanin aikin, don ta ce ba ta son mutum ya yi abin da bai san amfaninsa ba. Ta ce jikin mutum ƙananan ɗakuna ne da ido ba ya gani, kowane ɗaki da bangonsa, kuma a jikin bangon akwai ƙofofi. Ta ce, "Ka san ƙofar kamfani lokacin canjin ma'aikata? Maigadi ya buɗe, mutane su kwarara, ya rufe. To haka ƙofofin nan suke, sai dai gishiri ne ke wucewa ta ciki. Wata ƙofar ta sodiyam ce, gishirin miya ke nan. Wata ta fotasiyam ce. Akwai kuma 'yan dako da ke kwashe wanda ya shiga su mayar da shi waje. Buɗewa da rufewar nan ita ce lantarkin da kake ɗaga hannu da ita, kake tuna sunan matarka da ita."

Na ce, "Ranki ya daɗe, ashe duk shekarun nan da nake watsa gishiri, a kaina ma aikin da ake yi ke nan."

Ta ce, "Shi ya sa na ɗauke ka."

Kwaɗon kuwa ba irin na bayan randa ba ne. Wani ne mai faɗi, mai santsi, da 'yan farata baƙaƙe a ƙafar baya, kuma ba ya fita daga ruwa. Da damina nake kamo su a kududdufan da ke sama da kamfanoni, inda ruwan fata bai taɓa ba. Ina dasa gorar kifi da yamma, in je da sassafe in duba. Mata ake so, sun fi maza girma. In na kawo su sai su zauna a manyan bahuna, cikin ruwan da ya kwana biyu a buɗe. Abincinsu hanta ce, yankakkiya ƙanana. Mahaucin da nake saya a wurinsa har yau bai yafe ba. Kullum sai ya ce, "Kwaɗo na cin hanta, ni ina cin garau-garau. Malam Tanko, ba a neman ƙarin kwaɗo a wurinku?"

Ƙwansu ake bukata. Dakta za ta sa kwaɗuwa barci da magani, ta ɗan tsaga gefen ciki, ta ɗebi ƙwai, ta ɗinke da zare biyu. Daga nan jinya tawa ce. Ina ajiye ta a ruwa kaɗan, hancinta a waje, har ta farka, sannan ta yi wata uku ba a taɓa ta ba. Ina gane kowacce da zanen bayanta. Akwai Gwaggo, akwai Hajiya Babba, akwai Mai-Tabo wadda ta taɓa tsallake baho muka same ta a ƙarƙashin firji ta yi buɗu-buɗu da ƙura.

Ƙwan bai kai ƙwayar gero ba, rabi baƙi, rabi fari. Abin mamakinsa shi ne, duk saƙon ƙofar da aka zuba masa da allura, wato umarnin da jiki ke bi wajen ƙera ta, cikin kwana biyu zuwa uku zai ƙera wannan ƙofar a jikin fatarsa. Sai Dakta ta soka masa allurar gilashi biyu, waɗanda suka fi gashin kai siranta, ta ba shi lantarki, layi ya fito a kwamfuta yana nuna yadda ƙofar ke buɗewa. Yohanna ne ke ƙera alluran, yana jan gilashi a wuta. Na taɓa karya guda tara a rana ɗaya da gefen hannun riga, tun daga nan nake naɗe hannu kafin in shiga.

A kwanakin nan ukun, ƙwai na zaune ne a cikin wani ruwa na musamman, a ƙaramin firji. Ruwan nan, bayan shekara guda, ni aka bar wa haɗa shi. Tataccen ruwa lita ɗaya, gishiri iri huɗu da wani gari, kowanne da awonsa a sikeli. Lokacin ban iya karatu ba. Yohanna ya ɗaura wa kowace kwalba zare mai launi, ya zana mini lambobin a kwali, in riƙa zuba gari har abin da ke fuskar sikeli ya yi kama da na kwali. Na iya sosai. Ɗalibai daga jami'o'i suna zuwa karɓar ƙwai, har suna cewa na Malam Tanko ba ya mutuwa.

Sai shekarar da Malam Isyaku ya zo. Jikarsa Hauwa, 'yar shekara huɗu, farfaɗiya ta sa ta gaba tun tana goye. Ana ba ta maganin asibiti, amma maimakon sauƙi sai abin ya riƙa ƙaruwa, wani satin ta faɗi sau uku. Likitanta ya sa an aika jininta an bincika, aka ga akwai ɗan canji a ƙofar sodiyam da ta gada. Amma takardar ba ta faɗi abin da canjin ke yi ba. Shi ne likitan ya turo su wurin Dakta.

Ta yi masa bayani a gabana. Ta ce, "Baba, maganin da take sha rufe ƙofa yake yi. In ƙofarta buɗewa take yi fiye da ƙima, maganin daidai ne, sai a gyara yawansa. In kuwa da ma da ƙyar take buɗewa, to muna ƙara tura mata ƙyaure ne. Likita ba zai canza a kan zato ba, don canjin ma yana da hatsari. Ƙwan kwaɗo ne zai gaya mana. Ku ba mu sati uku."

Malam Isyaku ya dube ni ya ce, "Yanzu Tanko, lafiyar jikata a hannun kwaɗinka take?"

Na ce, "Malam, kwaɗina sun fi wasu mutanen riƙon amana."

Tsakiyar bazara ce, zafi irin wanda kwalta ke kama takalmi. A satin farko aka yi kwana biyu ana wasa da wuta, firji ya ɗan ɗumama, ƙwai kusan rabi suka fashe. Na tsaya ina kallon su sun yi fari-fari a cikin faranti, irin kallon da nake yi wa ƙirgin da ya fara wari. Washegari da na gama awon ruwa daidai da kwali, sai hannuna ya koma kwalba mai jan zare, ya ɗebo gishiri da yatsa uku, ya watsa. Ban ɗauke shi laifi ba. Ban ma ɗauke shi abin faɗa ba. Taimako na yi.

Ƙwai suka daina fashewa, na ji daɗi. Amma da Dakta ta soka allura, layin da ya fito a kwamfuta ya zama shirme. Wani ƙwan ya ba da kaɗan, wani ya yi ta rawa, wani allura na shiga sai ya saki. Ta ce ƙwan ba su da lafiya. Da na ji haka sai na ce a raina, ashe gishirin bai isa ba. Sati na gaba na ƙara sau biyu.

Haka muka shiga neman ɓarawo, ɓarawon yana taya mu nema. Aka zargi zafi, aka sayo batir aka haɗa wa firji. Aka zargi ruwa, Yohanna ya kwance injin tacewa ya wanke. Aka zargi Gwaggo da tsufa, aka koma kan Hajiya Babba. Aka zargi hanta, na je na yi wa mahauci faɗa a banza. Na'urar da ke auna kaurin ruwa ta lalace tun bara, ana jiran kayan gyaranta, da tana aiki da ta tona ni rana ɗaya. Sati uku suka zama shida. Duk Juma'a bayan masallaci Malam Isyaku zai biyo, ya tsaya a bakin ƙofa, ya ce, "Ya labarin kwaɗi?" Wata Juma'ar ya zo da Hauwa a kafaɗa, goshinta da filasta, ta faɗi a bakin murhu.

Ranar Litinin da ta biyo, Dakta ta daɗe a kan madubin ƙara girma, sannan ta ɗago ta ce, "Malam Tanko, zo ka gani. Ni idona ya gaji. Ko za ka ga abin da ban gani ba."

Ban taɓa duba ƙwan da ya kwana uku a madubi ba, sabo kawai nake zaɓa. Na sa ido. Ƙwai ya zama kamar ƙwallo a gabana, amma fatarsa ta yamutse, ta ja baya, ta yi 'yan layuka kamar goshin tsoho. Na san wannan yamutsewar. Shekara goma sha bakwai ina ganinta a gefen ƙirgi bayan kwana uku a tari. Bakina ya riga ni.

Na ce, "Wannan ai gishiri ya sha. Ya tsotse masa ruwa."

Ta ce, "Haka na zata, amma awonmu daidai yake. Na duba kwalinka da kaina."

Na miƙe tsaye. Na cire hula, ban san dalili ba. Na ce, "Ranki ya daɗe, kwali daidai yake. Bayan kwali ne."

Yohanna ya ajiye allurar da ke hannunsa.

Ta ce, "Nawa?"

"Da farko yatsa uku."

"Daga baya fa?"

"Daga baya dai hannu ya saki."

Yohanna ya dafe kai ya ce, "Malam Tanko! Miyar kuka kake haɗa musu? Saura daddawa!"

Dakta ta yi ƙoƙarin riƙe fuska, ta kasa. Ta yi dariya har ta zauna a kan kujera tana share ido da gefen mayafi. Ta ce ta yi aiki a ƙasa biyu, ta ga ƙwai ya mutu da zafi, da sanyi, da ƙwayar cuta, amma ba ta taɓa ganin wanda aka jeme ba. Da dariyar ta wuce sai ta dube ni sosai, ta ce, "Sati shida ne na Hauwa, Malam Tanko. Ba nawa ba."

Na ce na sani, kuma ni zan je in gaya wa kakanta da bakina. Na tambaye ta ko in ajiye makulli.

Ta ce, "Ka ajiye wa wa? Idon da ya gane ƙwan nan ina bukatarsa. Hannun ne za mu ɗaure, kuma da biro za mu ɗaure shi. A ɗakin nan abin da ba a rubuta ba, ba a yi shi ba. Abin da aka yi kuma dole a rubuta, ko da alheri ne. Laifina ne da na bar mutum yana haɗa ruwa ba ya rubutawa."

Da la'asar na hau keke na tafi Challawa. Na sami Malam Isyaku a ƙofar gida yana gyaran igiyar akuya. Na gaya masa komai, ban rage ba. Ya dube ni ya ce, "Ni na koya maka, ban musa ba. Amma Tanko, fata na ce. Yaushe na ce ƙwai?" Ya ja igiyarsa ya ƙulla, ya ce, "Tashi ka koma ka haɗa musu na gaskiya. Kada ka tsaya shan ruwa."

Washegari na haɗa sabon ruwa, Yohanna na tsaye a kaina kamar ɗan sanda, hannuna na hagu a aljihu. Aka ɗebi ƙwan Mai-Tabo. Rabi aka zuba musu saƙon ƙofa mai lafiya, rabi irin ta Hauwa. Ranar Juma'a da hantsi Dakta ta soka allura. Ƙwai mai lafiyayyar ƙofa ya ba da layi ya nutsa ƙasa kamar guga a rijiya, ya dawo. Na Hauwa kuwa ɗan lotsawa kawai ya yi. Ta sake da wani, haka. Ta yi ta yi har ƙwai goma sha biyu, sannan ta maimaita a sati na gaba da ƙwan wata kwaɗuwar, don ba ta yarda da magana ɗaya. Duka bakinsu ɗaya: ƙofar Hauwa da ƙyar take buɗewa.

Ta rubuta wa likitan. Shi kuma ya janye tsohon maganin a hankali, ya sa wani. Ba zan ce muku Hauwa ta warke ba, don ba ta warke ba, har yanzu tana shan magani kuma ana kiyaye ta da zazzaɓi. Amma yarinyar da ke faɗuwa sau uku a sati, yanzu sai a yi watanni. Tana zuwa islamiyya. Tun daga kanta likitoci suka san hanyar tsohuwar masaƙa, in takardar jini ta zo da canjin da ba a san kansa ba, sai a ce a kai wa Dakta ta tambayi kwaɗi. Ɗalibai kuma da suke ganin sai an tsallaka teku ake irin wannan aiki, yanzu a Sharada suke koya, wasu har sun buɗe nasu.

Da Babbar Salla Malam Isyaku ya kawo mini buzu da ya jeme da hannunsa. Da zai miƙo sai ya riƙe gefe ɗaya ya ce, "An gama masa komai. Kada ka ƙara masa wani abu."

Ajin manya kuwa Dakta ce ta kai ni da kanta, a Na'ibawa, bayan la'asar sau uku a sati. Na fara da lambobi, don su na fi bukata. Yanzu na cire zaren kwalabe, ina karanta sunansu. Akwai babban littafi a gefen sikeli, kowane haɗi da layinsa: rana, awon kowane gishiri, sunan mai haɗawa. A ƙarshen layi akwai ɗan fili da aka bari don ƙarin bayani. Yohanna ba ya rubuta komai a nasa.

Saboda haka, 'yan rumfar shayi, duk wanda ke son sarautar kwaɗi ya zo ranar Litinin, akwai wuri. Ba zan fara ba shi kwaɗo ba. Zan ba shi cokali da sikeli, in sa masa farantin ƙwai da ke lalacewa a gabansa, ga kwalbar gishiri a buɗe kusa da hannunsa, in ga ko zai iya barin hannun a aljihu. Ni shekara ta biyar ke nan ina fama da nawa. Har yau in bazara ta yi zafi yatsun nan uku sai sun motsa. Sai in ɗauki biro da su, in cike ɗan filin nan na ƙarshen layi da jimlar da na fara iya rubutawa a duniya ba tare da an riƙe mini hannu ba: Ban ƙara gishiri ba. Tanko.